'Yar Bora a Cikin Na'ura: Nazarin Fim ɗin Wreck-It Ralph

Masu fina-finan zane na Amurka sun daɗe suna juya wani salon labari: a ɗauko wanda jama'a ta tsangwama, a ba shi aboki guda, daga ƙarshe ya yarda da yadda aka halicce shi. Wreck-It Ralph, wanda kamfanin Disney ya fitar a 2012 ƙarƙashin darakta Rich Moore, yana cikin waɗanda suka iya ƙulla wannan zare. Salon ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tunda a tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ya saba jin yadda wulaƙantacciya ke ɗaukaka. Abin dubawa shi ne wace irin yarda da kai ake koya wa yara, kuma me za ta tsinana wa yaron da ya tashi a ƙauyukan Hausawa na Jazira da Bulu Nayil a Sudan.

Shekara 30 Ralph yana rusa bene a cikin na'urar wasa, Felix yana bin sawu yana gyarawa da gudumarsa. In an gama, a rataya wa Felix lambar yabo, shi kuwa Ralph a cillo shi daga saman bene cikin taɓo, ya je ya kwana a jujin fasassun bulo. Ranar bikin cikar wasan shekara 30 ko gayyatarsa ba a yi ba, alhali in babu mai rusawa, babu abin gyarawa. Ya yi zuciya ya fita neman lambar kansa, har ya faɗa wasan tseren motoci na Sugar Rush. Can ya gamu da Vanellope, yarinyar da jikinta ke ɗaukewa yana dawowa, ana ce mata kuskuren na'ura, an hana ta shiga tsere.

Abotarsu a kan aiki ta ginu. Tare suka haɗa wata karkatacciyar mota, ya share mata filin koyon tuƙi, ita kuma ta yi masa lambar yabo da hannunta. Sai Sarki Candy, mai mulkin wasan, ya yaudari Ralph cewa tseren zai hallaka ta, Ralph ya ragargaza motar tana kuka tana roƙonsa. Bayan ya koma gida ne ya hango hotonta a jikin akwatin wasan, ya gane ashe 'yar gida ce. Da ya bi diddigi, ya tarar sarkin ne ya tsinke ta daga rubutun na'ura, ya kulle tunanin jama'a. Nan fim ɗin ya fi ƙarfi: amini shi ne wanda ya bincika zancen da ake yi a kanka, ya dawo ya ba da shaida.

Hausawan Sudan sun san zafin a tsinke mutum daga rajista. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu kuma mahajjatan ƙasa ne da guzuri ya ƙare musu a hanya. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe noman audugar Jazira, 'yan Afirka ta Yamma suka zama ƙashin bayan ƙwadagon gonakin. Da yawa ba su samu hawasha, wato gonar da hukumar shirin ke rabawa ba, sai zaman kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, a gefen ƙauyuka. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuma ta nemi mutum ko kakanninsa su kasance a ƙasar tun ƙarshen 1897, kafin zuwan mutanen Mai Wurno ke nan. An sassauta dokar daga baya, amma kallon baƙunta bai gushe ba. A Yulin 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ɓarke a Bulu Nayil, aka rasa rayuka da dama, Hausawa suka fito zanga-zanga a garuruwa irin su Kasala da Hartum.

Da wannan idon ake ganin raunin labarin. Ralph ya koma bakin aikinsa, maƙwabta sun fara sakar masa fuska, amma cillo shi daga bene bai tsaya ba. Haƙuri aka ba shi, aka kira shi yarda da kai. Ita kuwa Vanellope, haƙƙinta ya dawo ne don an gano gimbiya ce tun asali. Tsohuwar dabarar tatsuniya ke nan: 'yar bora ba ta tsira sai ta dangana da gidan sarki. To ɗan ƙwadagon da ba shi da jinin Attahiru fa, wanda abin da zai nuna kawai kabarin kakansa ne a bayan kambo da kanta a tafin hannu?

Duk da haka, a yaba wa fim ɗin abu biyu. Vanellope ba ta nemi a raba ta da ɗaukewar jikinta ba, da ita ma take wuce abokan tsere. Kuma da aka ɗora mata rigar sarauta, tuɓewa ta yi, ta zaɓi zama shugabar ƙasa. Iyaye da malaman da za su kalli fim ɗin tare da yara su tsaya a nan su yi bayani: yaro ya riƙe Hausarsa da Larabcinsa ba tare da jin kunya ba, amma ya san cewa wannan ba ya maye gurbin takardar ɗan ƙasa, ko gona, ko murya a majalisar gari. Haihuwa da gumi sun isa hujja, kuma ana bukatar maƙwabcin da zai faɗi haka a bainar jama'a.