Auna Ra'ayin Jama'a a Agadas

Binciken jin ra'ayin jama'a dabara ce ta sanin tunanin al'umma ta hanyar tambayar kaɗan daga cikinta. Mai sayen gero a kasuwa ba ya zazzage buhu duka, hannu yake zurawa ya ɗebo daga sama da ƙasa ya duba. Ingancin aikin yana ga inda aka ɗebo. An tabbatar da haka a Amurka a 1936, lokacin da mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan 2 ta ce Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa, George Gallup kuwa da mutane ƙalilan da ya zaɓo da tsari ya ce Roosevelt ne, kuma maganarsa ta tabbata.

A Nijar wannan ilimi ya tsaya ne kan ƙafafu biyu. Ta farko ita ce ƙidayar jama'a, wadda aka yi a 1977, 1988, 2001 da 2012, domin daga taswirarta ake zaɓo wuraren da za a shiga. Ta biyu ita ce cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, wadda masana irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suka aza tubalinta. Ita ke gudanar da binciken Afrobarometer a ƙasar tun 2013. Shi Afrobarometer an fara shi a 1999, kuma a Nijar yakan tambayi baligai 1,200, da kuskuren da bai wuce maki 3 sama ko ƙasa ba.

Tsarin yana da tsauri, kuma tsaurin ne darajarsa. Ana zaɓen unguwa ko ƙauye da ƙuri'a, a zaɓi inda za a fara tafiya, mai tambaya ya riƙa ƙirga gidaje yana tsallake adadin da aka ƙayyade. In ya yi sallama a gida, ba mai gida ne dole zai amsa ba. Ƙuri'a ce za ta fitar da mutum, in an tambayi namiji a nan, gida na gaba mace za a tambaya. Ta haka muryar matar da ba ta taɓa zuwa taron siyasa ba take yin nauyi ɗaya da ta mai unguwa.

Jihar Agadas ita ce inda wannan tsari ke shan gwaji mafi wuya. Ta mamaye fiye da rabin faɗin Nijar, amma ƙidayar 2012 ta samu mutum 487,620 a cikinta, daga cikin miliyan 17 da ɗoriya, wato ƙasa da kashi 3 cikin 100. In aka raba mutum 1,200 bisa yawan jama'a, rabon jihar mutum talatin da 'yan kai ne, tun daga Ingal har Bilma. Wannan ya isa ya ba ta gurbinta a hoton ƙasa baki ɗaya. Bai isa a ce “mutanen Agadas na ganin kaza” ba, kuma duk wanda ya ciro alƙaluman jihar shi kaɗai ya kafa hujja da su ya ɗora wa binciken kayan da bai ɗauka ba.

Akwai kuma matsalar gida. Dabarar ƙirga ƙofofi tana aiki a tsohon garin Agadas, cikin lungunan da ke kewaye da doguwar hasumiyar masallaci, da unguwannin ma'aikatan ma'adinai na Arlit. Makiyayi fa? Bafillace ko Ba'abzinen da ke Ingal a watan Satumba don shan gishirin dabbobi, bayan wata biyu ya yi nisa. Ayarin gishiri yana kan hanyar Fashi da Bilma, samari kuma tun 2014 sun kwarara Jado da Cibarkaten haƙar zinariya. Taswirar da aka zana kafin zinariyar ba ta san da su ba. Waɗanda ba a samu a gida ba kuwa sau da yawa su ne masu ra'ayi dabam game da haraji, sojoji da iyaka.

Harshe ma wani tudu ne. Takardar tambayoyi da Faransanci ake tsara ta, a juya ta zuwa harsunan ƙasa, kuma Hausa ce harshen kasuwar Agadas ko da yake a gida wani Buzanci yake yi, wani Tubanci. Tambayar ko mutum ya yarda da shugaba tana iya fitowa da “yarda”, ko “amincewa”, ko “amana”, kowace da nauyinta. Sannan ƙa'ida ta ce a keɓe da mai amsa, alhali baƙo a nan tabarma ake shimfiɗa masa, a ɗora shayi, maƙwabta su matso. Tambayi mutum yadda rayuwa take a gaban surukinsa, “alhamdu lillahi” za ka ji. Afrobarometer ya san da wannan, shi ya sa mai tambaya ke rubuta ko akwai wani a wurin, kuma a ƙarshe ana tambayar mai amsa wa yake zaton ya aiko su.

Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta ƙara tsananta lamarin. Direban da jiya yake lodin fasinja zuwa Libiya a fili ya wayi gari mai laifi, motoci na tsare. Garin Agadas ya cika da masu bincike, 'yan jarida da ƙungiyoyi, Hukumar Ƙaura ta Duniya kuma ta kafa wuraren ƙirga matafiya a Arlit da Segedin a 2016. Mutane suka koyi amsa iri biyu, ta mai tsoron hukuma da ta mai sa ran tallafi. An soke dokar a Nuwamban 2023, amma gajiya da tambayar da ba a ga amfaninta ba tana nan.

Abin lura shi ne ita kanta LASDEL asalin sunanta ba a alƙaluma ta yi shi ba, a zama da mutane ne: makonni a gari ɗaya, hira ba takarda, sauraron sarki da talaka har a gane inda maganarsu ta saɓa. Binciken ƙuri'a yana faɗin mutum nawa, zaman hira yana faɗin dalili. A jiha irin Agadas na farko ba ya tsayuwa sai da na biyu, da ƙarin adadin waɗanda ake tambaya, da masu tambaya 'yan ƙasa da suka san hanyar rijiyoyi.