Tarihin Ƙauye Daga Bencin Coci: Tsokaci Kan Littafin Richard Gough, The History of Myddle

Gabatarwa

Galibin littattafan tarihi da muke karantawa, muke kuma karantarwa a aji, labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da manyan birane. Talaka ba ya shigowa ciki sai a dunƙule, a ce mutum dubu kaza suka halaka, ba suna ba asali. Littafin da za mu yi tsokaci a kansa ya saɓa wa wannan al'ada, domin tarihin wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Ingila da zuriyoyin da suka zauna cikinsa, gida-gida, kowa da sunansa da halinsa. Abin da muke son dubawa shi ne dabarar da marubucin ya bi ya tsara littafin, da abin da dabarar ta ba shi, da kuma abin da ta hana shi gani.

Marubucin da Littafinsa

Myddle ƙauye ne a lardin Shropshire, wajen mil 8 arewa da birnin Shrewsbury. An haifi Richard Gough a 1635 a Newton on the Hill, ɗaya daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin cocin Myddle, ya rasu a 1723. Manomi ne mai gonar kansa, ya yi karatu har ya iya Latin, kuma a ƙuruciyarsa ya yi wa wani attajiri mai riƙe da shari'a a yankin, Robert Corbett, aiki, inda ya goge da sanin doka. Bai fara rubutun ba sai a 1700, yana da shekara 65, ya ci gaba da shi a 1701. Har ya mutu ba a buga littafin ba. Sai a 1834 Sir Thomas Phillipps ya buga shi ba cikakke ba, aka sake buga shi a Shrewsbury a 1875, sa'an nan a 1981 kamfanin Penguin ya fitar da bugun da masanin tarihi David Hey ya tace.

Zubi da Tsari

Littafin kashi biyu ne. Kashi na farko ya ƙunshi bayanin ƙasar, da iyakokinta, da cocin da limamansa, da iyayen ƙasa, da tsohon gidan sarautar ƙauyen wanda ya zama kango. Wannan kashi ba shi da wani abin mamaki, irinsa ne masu tattara kayan tarihi na zamanin suka saba rubutawa.

A kashi na biyu ne gwanintar take. A Ingila ta wancan lokaci kowane gida yana da bencinsa a coci, kuma kamar yadda Gough ya bayyana, gida ne ke da benci, duk wanda ya gaji gidan ko ya saye shi ya gaji wurin zaman. Masu hannu da shuni suna gaba, 'yan ƙodago suna baya. Sai Gough ya zana taswirar bencinan kamar yadda suke a 1701, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk bencin da ya iso sai ya faɗi gidan da ke da shi, da waɗanda suka zauna gidan tun kaka da kakanni, wa ya auri wa, wa ya tafi Landan koyon sana'a, wa ya tara, wa ya watsar.

A ganinmu wannan dabara ta yi wa littafin amfani biyu. Na farko, ta tilasta wa marubucin ya tsaya a ƙofar kowa. Da ya bi tsarin shekara-shekara, da manya sun cinye shafukan. Amma tun da benci yake bi, dole maƙeri da masaƙi da ɗan ƙodago su sami rabonsu. Na biyu, ta nuna wa mai karatu yadda arziki ke sauya hannu. Benci yana nan inda yake, masu zama a kai ne ke canzawa, yau wannan zuriya, gobe waccan.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne tashi da faɗuwar gidaje. Gough ya ɗauka cewa hali ne ke gina gida, hali ne ke rusa shi, kuma babu abin da ya fi yawan ɗora wa laifi kamar giya. Misali, ya kawo labarin Thomas Hayward na Balderton, manomi gwani mai ilimi, wanda zaman gida ya gagare shi saboda rashin jituwa da matarsa, ya koma cin abinci da hira a gidan giya, har gonaki suka tafi, ya ƙare a talauce.

Ko yaƙi ma ta ƙofar ƙauye ya shigo littafin. Lokacin yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, Gough ya ce mutum 20 ne suka bi Sarki daga Myddle da Marton da Newton, 13 suka mutu, ya kuma jera sunayensu. Yana ɗan makaranta ya bi malaminsa zuwa gidan da aka kwantar da wani ƙaramin hafsan sojan Sarki, Collins, wanda aka harba a ƙauyen, ya gan shi kwance jini na gudana a ƙasa. Wannan shaida ta yaro ɗaya ta fi shafi goma na lissafin fagen fama shiga jiki.

Salo

Salonsa na mai hira ne, dattijon da ya san asirin kowa. Yakan zayyana mutum da jimla ɗaya ko biyu, ya rufe da karin magana ko baitin Latin. Yana da ban dariya: akwai labarin Reece Wenlock, wanda ya shahara da satar itacen shingen mutane. Da ya gina sabon tanderu, sai wani ya huda kara ya cika shi da albarushi ya soka a shinge. Reece ya kwasa ya kai wuta, tanderu ya tarwatse. Rauninsa a nan shi ne jerin sunaye. Wani lokaci Richard ya haifi Richard, shi ma ya haifi Richard, har mai karatu ya rasa gane jika da kaka. Baitocin Latin ɗin ma sukan yi yawa.

Inda Muke da Ja

Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma David Hey ya tabbatar da haka. A littafinsa na 1974 kan Myddle ya gwada maganganun Gough da rajistar coci da takardun wasiyya, ya iske galibinsu daidai ne. To, amma daidaiton suna da shekara dabam, adalcin hukunci dabam.

Gough daga bencin masu gona yake kallon jama'a, kuma kallon ya bi shi cikin rubutu. A ƙarƙashin dokar 1662, kowace gundumar coci ita ke ɗaukar nauyin matalautanta, tana kuma da ikon mayar da baƙon da ake tsoron zai zama nauyi inda ya fito. Gough ya ba da labarin shari'o'in da Myddle ta yi da wasu gundumomi kan wa zai ciyar da wane, yana alfahari da nasarorin da suka samu. Ba mu ji ta bakin wanda aka yi ta turawa daga gari zuwa gari ba. Haka nan mata: tun da benci na gida ne, gida kuma da sunan namiji ake kiransa, mace takan shigo ne a matsayin 'yar wane ko matar wane, a auna ta da dukiyar da ta kawo ko fitinar da aka ce ta tayar. Matar Hayward an yanke mata hukunci ba tare da an saurare ta ba.

Sa'an nan akwai batun tonon asiri. Mutumin nan ya kira maƙwabtansa ɓarayi da mashaya, da sunayensu, alhali 'ya'yansu da jikokinsu na zaune kusa da shi kowace Lahadi. Da an buga littafin yana raye, da wuya ƙauyen ya zaunu gare shi. Abin da ya cece shi shi ne rubutun ya kwana fiye da shekara 130 kafin ya shiga ɗab'i. Duk da haka ba za mu ce da ya rufa ba. Da ya tsaya kan yabo kaɗai, da littafin ya zama jerin sunayen mamata, babu wanda zai waiwaye shi. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne shaidar mutum ɗaya yake ji, waɗanda ake tuhuma kuwa ba su da damar kare kansu.

Kammalawa

The History of Myddle ya cancanci matsayin da masana suka ba shi, domin da wuya a sami wani ƙauyen Ingila na ƙarni na 17 da aka san mutanensa kamar wannan. Ƙarfinsa da rauninsa tushensu ɗaya, wato bencin da marubucin ya zauna a kai. Muna ba mai sha'awa shawarar ya nemi bugun 1981, ya fara da gabatarwar Hey, ya ajiye taswirar bencinan a gefensa, kuma duk inda Gough ya yanke wa wani hukunci, ya duba a wane sahu mutumin yake zaune.