4.3 Karin Magana a Matsayin Hujja a Muhawarar Sulhu da 'Yan Ta'adda

Kamar yadda aka nuna a babin da ya gabata, Bahaushe ba ya jawo karin magana don ado kawai. Yakan jawo ta ne don ya rufe bakin abokin gardama. A wannan sashe za a auna wasu karin magana da ake kafa hujja da su a Birnin Kudu da Gwaram idan ana gardamar ko ya dace hukuma ta zauna da 'yan ta'adda. Batun ba baƙo ba ne a yankin. A watan Afrilun 2014 wasu mahara da ake zargin 'yan Boko Haram ne suka afka wa Gwaram, suka kai hari ofishin 'yan sanda da kotu da banki, suka kashe 'yan sanda bakwai. Kafin nan, a Fabrairun 2013, ƙungiyar Ansaru ta sace ma'aikata bakwai 'yan ƙasashen waje na kamfanin Setraco a Jama'are, wadda ba ta da nisa da Gwaram.

Masu goyon bayan sulhu sun fi dogara da "sulhu alheri ne". Wannan magana tana da nauyi domin tushenta aya ta 128 ce ta Suratun Nisa'i. Sai dai mai nazari zai lura cewa ayar tana magana ne a kan miji da mata, wato mutane biyu da igiya ta haɗa, kuma akwai waliyyai da alƙali a bayansu. Idan aka ɗauko ta aka ɗora a kan mutumin da ke daji da bindiga, to an ɗauko lafazin an bar sharaɗin, domin babu mai tilasta masa cika alkawari.

Wadda ta fi ta dacewa ita ce "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne". Hikimarta tana cikin kalmar "wada". Karin maganar ta riga ta yanke cewa mai durƙusawa shi ne dogo, kuma zai miƙe da tsawonsa da zarar ya sami biyan buƙata. Ta yi daidai da abin da ya faru a Oktoban 2016 da Mayun 2017, lokacin da aka karɓo 'yan matan Chibok 21, sannan 82, ta hanyar tattaunawar da gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka shiga tsakani. A nan buƙatar ɗaya ce, kuma ana iya ƙirga ta: rayuka. Amma a duk inda hukuma ba ta iya shiga dajin ba sai da izinin mazauna cikinsa, tambayar da karin maganar ba ta amsa ba ita ce, wane ne wadan?

Masu adawa kuwa sukan ce "tuban muzuru", ko "ba a ba kura ajiyar nama". Tarihin kwanan nan ya ba su abin kafa hujja. Buharin Daji ya karɓi sulhun gwamnatin Zamfara a ƙarshen 2016, ya koma ruwa, aka kashe shi a 2018. Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ya ajiye makami a Gusau a Fabrairun 2021, ya koma daji kafin watanni uku su cika. Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya gwada sulhu a 2016 da 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa.

Duk da haka, waɗannan ma suna da rauni. Muzuru da kura dabbobi ne, halinsu halitta ce da ba ta sauyawa. Siffanta ɗan Adam da su yana kulle ƙofar tuba tun kafin a ƙwanƙwasa, alhali afuwar da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Dalta a 2009 ta rage tashin hankali ƙwarai. Haka nan "maganin biri karen Maguzawa" tana da daɗin faɗa a majalisa, amma ta ɗauka cewa karen yana nan a ɗaure, a ƙoshe. Uban da ɗansa ke hannun mahara ba zai jira a nemo karen ba.

Wani abin lura shi ne, yankin yana da tsohuwar kalma da muhawarar yau ta yi watsi da ita, wato "amana". A ƙarni na 19, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke ƙarƙashin Kano, hare-haren Ningawa sun addabe su, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi ta wannan fuska. (Ba ana nufin Ningawa 'yan ta'adda ba ne; ƙasa ce mai shugabanninta.) A wancan zamani "amana" yarjejeniya ce da sarakuna kan ƙulla da waɗanda ba sa ƙarƙashinsu, mai sharuɗɗa sanannu da wanda za a tuhuma idan aka warware. Sulhun Zamfara da Katsina an ƙulla shi ne da dabobi barkatai, ta yadda hannun da aka sha da shugaba ɗaya bai ɗaure na dajin da ke maƙwabtaka da shi ba.