Jinjina ga 'Yan Tseren Keken Ruwanda

A Ruwanda da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ci karo da tudu ba. Kana gama gangara sai wani hawan. A kan waɗannan hanyoyi ake tseren Tour du Rwanda, wanda aka fara a 1988, ya shiga jadawalin gasannin duniya a 2009.

Inda ake gane gwani shi ne Kwa Mutwe, hawan da ake yi wa laƙabi da Bangon Kigali. Gajere ne, amma a miƙe yake, ga shi shimfiɗe da duwatsu masu girgiza hannu. Za ka ga ɗan tsere ya tashi daga sirdi, yana karkata keken dama da hagu, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗau, jama'a kuwa sun yi cincirindo har kan rufin gidaje suna ƙarfafa masa gwiwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne asalin waɗannan samari. Wasunsu da haya da keke suka fara, suna dakon kaya da fasinja. Adrien Niyonshuti ya rasa 'yan'uwansa a kisan ƙare dangi na 1994, amma shi ya riƙe tutar ƙasarsa a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Valens Ndayisenga ya lashe Tour du Rwanda a 2014, ya maimaita a 2016.

A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Gumin waɗannan samari ne ya jawo ta, sun cancanci yabo.