Ginshiƙin Aro Ba Ya Ba Da Inuwa

'Yan uwana mata, wai shin kun lura da yayin ginshiƙi kuwa? Daga nan Makoda ki bi ta Dambatta har cikin Kano, za ki ga sababbin ofisoshi da gidajen masu hali sun tsaya da dogayen ginshiƙai farare, an yi wa kawunansu ado kamar ɗaurin ɗankwali. Wai shi ne wayewa.

To, asalin wannan salon na Girkawa ne. Bayan ƙasar Girka ta kuɓuta daga mulkin Turkawa a 1830, sai mutanenta suka waiwayi ginin kakanninsu na dubban shekaru. A tsibirin Siros, cikin garin Irmufoli, an aza harsashin gidan majalisar gari a 1876. Wani Bajamushe, Ernst Ziller, shi ya zana shi, da faffaɗar matakala ta farin dutse da ginshiƙai a gaba. Baƙo ne, amma da gadon masu gari ya yi musu aiki. Shi ya sa Bagirke in ya kalli ginin, tarihinsa yake gani.

Mu fa, me muke gani? Siminti ne aka zuba a kwali, ba ya tare rana, ba ya tare ruwa. Mace ta taho daga ƙauye da goyo don karɓar takardar shaidar ƙaramar hukuma, sai ta wuni a bakin ofis babu inuwar da za ta raɓa, cikin ɗakin kuma rufin kwano ya mai da shi tanda.

Alhali muna da namu. Ga Gidan Makama a Kano, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ga Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara, ya ɗaura bakan gizo. Katangar tubali mai kauri tana riƙe sanyi da rana, zaure kuma yana karɓar baƙo ya zaunar da shi cikin mutunci. Har Bature Hanns Vischer a gidan ƙasa ya zauna a Nasarawa, shi ne yau ake kira Gidan Ɗan Hausa.

Ni ban ce a bar siminti ba, don kowa ya san wahalar yaɓe duk shekara kafin damina. Cewa nake, darasin Girkawa shi ne kama naka gadon. A yi ginin hukuma da soro mai faɗi da rumfa da zankwaye, inda talaka zai shiga ya ji gidansa ne.

Ke ma uwargida, ranar da maigida ya kawo zancen gini, ki tambaye shi ina inuwa kafin ya kira mai ginshiƙi. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Allah ya sa mu gane, amin.