3.2 Mai Hankali da Wawa: Nazarin Jigo da Hanyar Isar da Saƙo a Finafinan Majigi

A babi na biyu an kawo tarihin shigowar majigi ƙasar Hausa, inda aka nuna cewa mota ce ta gwamnati mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim da farin ƙyalle, wadda take bin garuruwa da ƙauyuka tana nuna wa jama'a fim kyauta bayan faɗuwar rana. A wannan sashe kuwa za a dubi finafinan su kansu, wato abin da suke faɗa game da matsalolin al'umma, da kuma yadda suke faɗar sa.

Duk wanda zai yi nazarin waɗannan finafinai tilas ne ya fara da William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas, wanda tun a shekarun 1930 yake amfani da fim wajen gargaɗi a kan annoba da tsabta. Shi aka ɗora a kan Hukumar Finafinai ta Ƙasashen Mulkin Mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Sellers ya tafi a kan cewa mutumin karkara na Afirka ba ya iya fahimtar fim irin wanda Bature yake kallo. Saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idoji: a riƙa tafiyar da labari a hankali, kada a cika hoto da abubuwa da yawa, kada a yi tsalle daga wani lokaci zuwa wani, kuma a guji duk wata dabarar kyamara da za ta ruɗa mai kallo. A 1941 ya wallafa maƙala a kan wannan ra'ayi, wadda tun daga sunanta ta kira masu kallon da mutanen da ba su waye ba. Wannan zato shi ne tushen zubi da tsarin mafi yawan finafinan majigi, kuma daga gare shi ne babban rauninsu ya taso.

Ta fuskar jigo, finafinan sun taɓo abubuwan da suka dami talaka ƙwarai: agana, zawo, ruwan sha, mutuwar jarirai, noman auduga da gyaɗa, ajiyar kuɗi, da yaƙi da jahilci. Sai dai kusan dukkansu tufka ɗaya suke yi. Akan kawo taurari biyu, ɗaya mai hankali, ɗaya wawa. Mai hankali yana jin maganar malamin asibiti ko malamin gona, sai gonarsa ta yi kyau, 'ya'yansa su yi ƙiba. Wawa kuwa yana maƙale wa al'adar iyaye da kakanni, daga ƙarshe ya yi asara ko ya binne ɗansa. Fim ɗin Smallpox na 1950, wanda sashen finafinai na gwamnatin Nijeriya ya shirya, misali ne a kan haka, domin ya ginu ne a kan mutumin da ya guje wa masu yin lamba, cutar agana ta kama shi. Haka kuma Amenu's Child, wanda aka yi a ƙasar da ake kira Gana a yau, shi ma a 1950, ya ɗora mutuwar yara a kan rashin sanin irin abincin da ya dace da su da kuma dogaro da boka.

Ba za a ce wannan gargaɗi ƙarya ne ba. Lamba tana hana agana, kuma ta hanyarta ne aka kai ga kawar da cutar daga duniya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 1980. Inda gizo yake saƙa shi ne abin da finafinan suka bari a bayan ƙyalle. Idan aka nuna uwa ba ta ba ɗanta ƙwai ko nama, fim zai ce jahilci ne ya hana ta, amma ba zai tambayi ko tana da abin saye ba. Idan aka nuna manomi bai bi shawarar malamin gona ba, ba za a ambaci haraji da jangali da suke jiransa da kaka ba, ko farashin da hukumar ciniki ta yanke wa gyaɗarsa ba tare da shawararsa ba. Ke nan kowace matsala ta al'umma an mayar da ita laifin mutum ɗaya, maganinta kuma biyayya ga hukuma.

Daybreak in Udi na 1949 ya fi sauran kyan tsari da ɗaukar hoto, har ya sami lambar yabo ta Oska a Amurka a 1950, amma bai kuɓuta daga wannan tarko ba. Labarin gina gidan haihuwa ne a wani ƙauye na ƙasar Ibo ta hanyar aikin gayya. Mutanen ƙauye su ne suke ɗebo ƙasa suna gini, amma di'o E. R. Chadwick, wanda ya fito a matsayin kansa, shi ne mai tunani da yanke hukunci. Dattijon da yake adawa da aikin, mai suna Eze, an nuna shi ne a matsayin mugu mai tsoratar da mata da dodanni, ba a ba shi wata hujja da mai kallo zai auna ba. Ana iya cewa fim ɗin ya fi magana da Turawan Ingila, yana nuna musu amfanin mulkinsu, a kan yadda ya yi magana da mutanen Udi.

Wani abin lura kuma shi ne cewa a majigi fim ba ya zuwa shi kaɗai. Akan kafa ƙyallen ne a filin ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, da izninsa, shi da fadawansa suna zaune a kan kujeru, talakawa a ƙasa, dogarai suna tsawatawa. Sannan ga tafinta riƙe da lasifika yana bayani da Hausa, tun da yawancin finafinan ko dai ba su da sauti, ko kuma da Ingilishi aka yi su. A gaskiya abin da jama'a suka tafi da shi gida maganar tafinta ce: idan mai barkwanci ne, wawan fim ya zama abin dariya, idan mai wa'azi ne, ya zama abin tsoro. Abin takaici ga mai nazari shi ne wannan ɓangare, wanda shi ne ainihin adabin Hausa a cikin majigi, da baki aka yi shi a fili, ya kuma bi iska. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan kafafen watsa labarai a Kano, ya nuna cewa taron majigi kansa wani nau'i ne na baje kolin iko, kuma bayan samun 'yancin kai a 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da amfani da shi wajen nuna rangadin Sardauna da ayyukan raya ƙasa. Wato an sauya masu magana, amma talaka ya ci gaba da zama mai saurare kawai. Ba a tanadi wani lokaci na musamman da zai tashi ya ce abin da aka nuna ba haka yake a garinsu ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa masu kallo sun haɗiye duk abin da aka ba su. A farkon shekarun 1950 an tura masanin al'adu Peter Morton-Williams ya binciki yadda mutanen karkara suke karɓar waɗannan finafinai, ya kuwa zauna da Yarabawa da Hausawa da Ibo da Birom. Abin da ya gano ya rushe zaton Sellers, domin ya tarar jama'a suna gane hoto sarai, suna bin labari, amma suna fassara shi ne da ma'aunin al'adarsu da halin rayuwarsu. Wanda fim ya kira wawa, mai kallo yana iya ganinsa a matsayin maƙwabcinsa da ba shi da hali. An rufe hukumar ta Sellers a 1955, amma tsarin mai hankali da wawa bai mutu da ita ba. Ana ganin sawunsa a wasannin kwaikwayo na gargaɗi da gidajen rediyo da talbijin na Arewa suka riƙa gabatarwa a kan tsabta da rigakafi da karatun boko, waɗanda sashe na gaba zai duba.