Bakaniken da ke kamo ɓarawon mai

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ƙorafin da ake kaiwa gareji ya sauya. A da sai mota ta tsaya cak ake neman bakanike. Yanzu da ƙafarta take zuwa, ba abin da ya karye, magana ɗaya ce: tana shan mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ga mai tsohuwar Golf da ke jigila tsakanin Yauri da Koko, ko mai ɗauko kwandunan busasshen kifi daga Wara, lita biyun da ta salwanta a sawu ɗaya ita ce cefanen gida.

Yawancin direbobi da maganinsu suke zuwa: "Oga, a canza min filta." Gwanin bakanike ba ya musu. Daga filtar yake farawa, sai dai dalilinsa daban ne da na direban.

Filtar mai ba wani abin a zo a gani ba ce. Gwangwani ne, ko 'yar roba, da takarda mai ninki-ninki a ciki, an dasa ta tsakanin tanki da inji don ta tare datti kafin ya kai kafireta ko nozul. A yankin Yauri kuwa aikinta ya fi na sa'o'inta na birni yawa. Da zarar ka sauka daga babban titin da ya taso daga Kontagora ya bi ta Yauri zuwa Jega, ka nutsa ƙauyukan Shanga ko na Ngaski, 'yan bumburutu ne gidan manka. Mai ya bi jarka, ya bi galan, ya bi kwalba da mazurari, kowanne ya ba shi tsarabarsa. Ga ƙurar hunturu. Ga danshin bakin tafkin Kainji da damina, wanda ke shiga tankin da kullum rabinsa iska ce, domin yau wa ke cika tanki? Danshin nan yakan zama ɗigon ruwa, ruwa ya fi fetur nauyi sai ya kwanta a ƙasa, in tankin na ƙarfe ne kamar na tsohuwar Fijo 504 ya soma cin sa da tsatsa. Wani lokacin ma daga sama abin ke ɓaci, kamar a Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injuna da dama.

A motar kafireta canjin filta wasa ne, domin famfon ba ya tura mai da ƙarfi: a sassauta kilif biyu, a zare, a maye. A mai injekta ne ake gane wanda ya zauna gaban maigida ya koya. Man da ke cikin tiyo a matse yake ko da mota a kashe, in ka kwance kai tsaye sai ya feso maka a ido. Saboda haka gwani yakan fara zare fis ɗin famfon mai, ya tayar da inji ya bar shi ya shanye abin da ke layi har ya mutu da kansa. Sai ya cire kan batir na baƙar waya, ya buɗe murfin tanki, ya sa yaro ya kori duk mai sigari da mai walda daga wurin. Ya naɗa tsumma a mahaɗar, ya ɗora sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, don kada bututun ƙarfen ya murɗe. A jikin sabuwar filtar akwai kibiya, kanta inji take kallo. In mai noti ce irin ta tsofaffin Toyota, da sababbin washa na jan ƙarfe ake ɗaure ta, tsohuwar washa ta riga ta lotse, yoyo za ta yi. Da ya gama ba ya tayarwa nan take. Yakan murɗa makulli sau biyu ko uku, yana sauraren kukan famfo yana cika layi, sannan ya shafa yatsa a mahaɗar ya duba ko ya jiƙe.

Duk wannan yaron gareji mai hankali zai iya. Abin da ke burge ni shi ne abin da ke biyo baya. Maigidan ba ya jefar da tsohuwar filtar. Yakan juya ta ta ɓangaren da mai ke shiga, ya zazzage cikin kwalba mai haske, ya ɗaga wa rana. Jan gari na nufin tanki na tsatsa, kuma in ba a sauke shi an wanke ba, sabuwar filtar ma kwananta kaɗan ne. Yashi mai laushi aikin jarka ne. Ɗigon da ya dunƙule a gindin kwalbar yana gangarawa shi kaɗai, ruwa ne. Baƙin ɓarɓashi kuwa tiyon roba ne ke ruɓewa ta ciki. Daga nan sai ka ji ya tambaya, "Alhaji, a ina kake shan mai kwanan nan?" Sau da yawa ya riga ya san amsar.

Mai gaskiya a cikinsu zai kuma faɗa maka abin da mai sayar da kayan gyara ba zai faɗa ba: filtar da ta toshe rage mai take yi, ba ƙara shi ba. Alamarta ita ce mota ta yi ta shiɗewa a hawa ko da lodi, famfo ya wahala har ya ƙone. Asarar da take jawowa ta ƙafar direba ce, wanda ke ƙara taka totur yana sauko da giya don ya samu ƙarfin da ya ɓace. Sabuwa za ta dawo da ƙarfi, ta ceci famfo. Amma ɓarawon mai na gaske yana wani wuri.

Inji na son kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur, kuma duk abin da ya karkatar da wannan awo aljihu ne ke biya. Fulogi ne shaidar farko. Kansa in ya yi ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau. In ya yi baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa. In fari fat ne, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo kuma baƙin mai ne ke haurowa, wannan maganar ringi ce, ba ta yau ba. In toka ya gani a motar kafireta, sai ya buɗe matatar iska, wadda hanyar ƙasa ke cikawa da ja cikin ɗan lokaci, ya duba cok ko ya maƙale, ya daidaita silo da kunne.

Akwai kuma wata al'ada da na daɗe ina ganin ta cuci masu mota a ƙasar nan: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai an yi motar ne don sanyin Turai. Inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In bai kai nan ba, ƙwaƙwalwar motar injekta sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. Bakaniken da ya san aikinsa lagireto yake wankewa, ya mayar da tamostat mazauninsa, ko da mai motar na gunaguni.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Bayan ɗan zagaye yakan kai hannu kusa da kowace taya, wadda ta fi zafi birkinta na kamawa. Iskar taya da geji ake auna ta, ba da harbin ƙafa ba. Ya shinshina ƙarƙashin mota ko akwai yoyo. Irin wannan kunne da hanci ne masu injin jirgin ruwa a Wara da Zamare ke nema, da manoman rani masu injin ban ruwa, domin su ma daga jarka suke sha.

Awon ƙarshe na direba ne. Allurar geji a tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce, mitar tafiya ma galibi ta mutu. Sai a cika tanki har baki a gidan mai ɗaya, a yi sawun da aka saba da lodin da aka saba, a dawo famfon nan a sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce abin da motar ta sha. A rubuta, a yi gyara, a sake aunawa. In lissafin bai motsa ba, kuma fulogi ya fito ruwan ƙasa, maigidan zai zauna a gefen direba su bi hanyar Koko, idonsa a kan ƙafar dama.